Kalangu ko lacca? Maganar taron bayan Sallah na 'yan cikin Badala a Kano

Yaya Nura: Salam jama'a barkanmu da dare. Maganar taron nan da muka ce za mu yi bayan babbar Sallah nake so mu tsayar yau dan Allah, kar ta sake shiririce mana kamar bara. Abin da ke ƙasa dai biyu ne, wasu sun ce a gayyato malami daga jami'a ya zo yai mana lacca kan tarihin unguwanninmu a raba ruwa da lemo a watse, wasu kuma sun ce a'a makaɗa za a kawo a cika fili yara su ga abin da ba su taɓa gani ba. Ni nawa tara kuɗi da neman izini. Kowa ya faɗi nasa amma ban da zagi, ban da siyasa, wanda ya sako maganar sarauta kuma zan cire shi wlh ba wasa.

Sadiq: Wslm Yaya. In lacca ce ni dai ku cire sunana tun yanzu hhhh. Mutum ya sha rana ya zauna kan kujerar roba awa biyu ana karanto masa shekaru, kafin a kai rabi yara sun gudu dattawa na gyangyaɗi. A kawo kiɗa kawai, in da hali ma a haɗa da DJ

Anti Rabi: DJ kuma Sadiq? To ai biki ka mayar da shi kenan. DJ ɗin da ya hana mu barci kowane ƙarshen sati shi za mu biya kuɗi ya zo taron tarihi?

Sadiq: Anti ai don matasa su zo ne

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ni ina goyon bayan tarihi ɗari bisa ɗari, sanin asali abu ne mai kyau har yana taimakawa wajen sada zumunci. Amma maganar kiɗa gaskiya ina da ja. Duk mun san yadda abin yake ƙarewa, a fara da sunan al'ada a ƙare da cakuɗuwar maza da mata da liƙi da rawar banza, maroƙa su zo su zage wanda bai ba su ba a gaban 'ya'yansa. Sannan lokacin sallah ya shiga ana ta ganga. Malaman jihadi ma, Shehu da ƙaninsa Abdullahi, sun yi rubutu suna sukar kaɗe-kaɗen shagali, ba ni na fara ba.

Kawu Bala: Malam Habu Allah ya gafarta malam, maganarka akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Ni an haife ni a Koki na tashi a Kurmi, shekaruna sun kai in faɗi abin da na gani. A da kiɗa ba na shagali ba ne kaɗai, kowace sana'a da nata. Mahauta kalangu, maƙera dundufa, manoma gangar noma, mafarauta da nasu, fada kuma tambari da kotso da taushi da jauje, ga kakaki da algaita. Kakakin nan tun zamanin Rumfa ake busa shi a garin nan, mutumin da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarki ya kafa kasuwar Kurmi ya faɗaɗa ganuwa. Aka yi jihadi aka gama sarakunan Fulani suka zo ba su jefar da kakaki da tambari ba, har gobe ana busa musu. To in za ka ba yaro tarihin Kurmi ka cire kalangu me ka ba shi? Ka ba shi rumfuna babu mutane a ciki.

Malam Habu: Kawu ai tambarin sarki daban, kiɗan dandali daban.

Kawu Bala: Na yarda. To bandirin da 'yan Ƙadiriyya ke bugawa ranar Maukibi daga Kabara har a fita gari fa, wane layi za ka sa shi? Ba musu nake da kai ba, so nake mu bambance kiɗan da kuma abin da mutane ke yi a wajen kiɗan.

Malam Habu: Wannan kuma wata muhawarar ce Kawu, in muka shige ta sai asuba. Mu bar ta.

Ummi: Salam iyayena da yayyena. Ni ɗalibar tarihi ce dan haka kuna tsammanin lacca zan zaɓa ko, to a'a. Abin da ke rubuce a littafi yawanci na sarakuna ne. Littafin nan na tarihin Kano da aka rubuta da Larabci wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, sarki bayan sarki yake bi tun daga Bagauda, ya ce Gijimasu ne ya fara ganuwa, Wangarawa sun zo zamanin Yaji, wane ya yaƙi wane, wane ya shekara kaza. Yana da amfani sosai wlh amma ka duba ko'ina ba za ka ga sunan marinin da ya fara haƙa karofi a layinku ba, ko wace tsohuwa ce ta fara koyar da 'yan mata allo a soron gidan kaza. Waɗannan suna bakin tsofaffi da makaɗa ne, kuma su ne suke mutuwa kullum. Malamin jami'a ko shekara goma za a yi yana nan, littafinsa ma yana nan.

Anti Rabi: Allah ya yi miki albarka Ummi, kin faɗi abin da ke raina.

Ɗanliti: Tun ɗazu ina karantawa na yi shiru ne dan in ga inda za a dosa. Ni ɗan makaɗi ne, wasu a guruf ɗin nan sun sani wasu ba su sani ba, babana makaɗin mahauta ne kakana ma haka. Kuna ta cewa a kawo makaɗa a kawo makaɗa kamar kanti za a je a siyo su, kun tambaya ko akwai saura? A gidanmu mu maza duk babu wanda ya gada, ni gyaran waya nake, yayana a daidaita sahu yake ja, ƙanina yana makaranta, kuma Baba da kansa ya hana mu, ya ce ba zai bar mu mu sha abin da ya sha ba. Na je neman aure a cikin garin nan aka yi bincike aka dawo aka ce yaro ba shi da laifi amma gidan roƙo ne, shi kenan magana ta mutu. Mutanen da suka ce haka ɗin Baba ne ya yi kiɗan auren iyayensu. To yanzu an tashi taron al'ada an tuna da mu, a zo a yi mana hoto a sa a Facebook a rubuta al'adunmu abin alfaharinmu, gobe kuma in na dawo neman 'yarku a ce gidan roƙo ne. Ku yi haƙuri abin ya daɗe yana ci na.

Yaya Nura: Subhanallah. Ɗanliti ka yi haƙuri, wlh ban san da wannan ba.

Hajiya Uwani: Ɗana Ɗanliti gaskiya ka faɗa kuma ɗaci gare ta. Mu da muka manyanta mun san haka ake yi, a yi ta jin daɗin Shata a rediyo ana kaɗa kai, ya rasu a 1999 har yau motocin haya shi suke sakawa, amma a ce ɗan mai kalangu ya zo neman 'yarka sai a fara kame-kame. Ka gaishe min da babanka, na san shi tun ina amarya.

Sadiq: Kai bros wlh jikina yai sanyi. Na janye maganar DJ

Ɗanliti: Za su ji Hajiya na gode. Ba wai na ce kar a yi ba ne fa, so nake in za a yi a yi shi da mutunci. Bari in gaya muku abin da Baba ya iya dan Sadiq ya gane ba kiɗan rawa ake magana ba. Kalangu in ka rataya shi a kafaɗa yana ƙarƙashin hammata, tsarkiyoyin nan da suka haɗa fatar gaba da ta baya su kake matsewa da hannu, ka matse murya ta hau ka saki ta sauka, to da haka yake magana, bahaushen da kunnensa ya saba zai ji kalma sak. Kowane babban mahauci yana da takensa. Ina yaro ina bin Baba da ɗan ƙaramin kalangu ina karɓa masa, sai mu shiga cikin mahauta da safe ana ta fiɗa ana ta hayaniya ba wanda ya kula mu, Baba ba zai buɗe baki ba sai ya saki taken mutum kawai, wlh sai ka ga ƙato ya ajiye wuƙa ya miƙe tsaye hannu duk jini ya ɗaga sama yana kirari, ya kira ubansa ya kira kakansa ya faɗi garin da suka taso, ya yanko tsoka ya jefa mana a buhu. Na kusa da shi kuma ya ce saura nawa taken. Kuma taken gado ne, in uba ya mutu ɗan da ya riƙe wuƙarsa shi ake kaɗa wa. Dan haka Baba ya san wane ya haifi wane, wane gida ne suka zo daga ƙauye wane ne 'yan asalin gari, waye ya yi Sarkin Pawa kafin waye, wa ya yi dambe ya yi kisa a wane fili. Ko karatun boko bai yi ba amma in ya fara jero miki Ummi sai littafinki ya cika.

Ummi: Yaya Ɗanliti dan girman Allah ka haɗa ni da Baba ko taron nan bai yiwu ba. Zan zo da mahaifiyata mu gaishe shi in ya yarda in yi rikodin.

Kawu Bala: A ƙauye ma ai da kalangu ake sanar da an yi yanka. Mata na cikin gida in suka ji kiɗan sun san yau akwai nama a kasuwa, har su gane sa ne aka kayar ba ƙaramar dabba ba. Babu sifika babu waya.

Garba Kumasi: Salam 'yan uwa, ina biye da ku daga nan zango. Abin da Ɗanliti ya faɗa ya tuna min da Dagwamba na arewacin Gana, su makaɗansu da suke kira lunsi gangarsu kusan irin kalangunmu ce a hammata ake matse ta, kuma su ne masu riƙe tarihin sarakunan Yendi gaba ɗaya. Akwai daren da babban makaɗi zai zauna a ƙofar fada ya fara jero sarakuna da yaƙoƙinsu da 'ya'yansu tun bayan isha har gari ya waye mutane na zaune suna ji, kuma yaro tun yana ƙarami ake koya masa. Mutum in yana son ya san kakanninsa wajen makaɗi yake zuwa. Mu kuma nan zango yawancinmu jikokin fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja, in ka tambayi dattijo sai ya ce maka kakansa daga Kano ya zo amma wace unguwa wane gida ya ɓace. In kun yi rikodin ɗin nan ku turo mana, akwai masu nema.

Kawu Bala: Garba ai rabin Koki da Gwanja suka yi arziki. Agalawa fataken goro ne, Alhassan Dantata kansa sai da ya yi zama a can ƙasarku yana fatauci kafin ya dawo ya kama gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu 1955. Ka tambayi dattawanku sunayen kakanni ka turo, wataƙila mu gane wasu gidajen.

Garba Kumasi: In sha Allahu Kawu, ranar Juma'a zan zauna da su bayan masallaci.

Mamuda: Ni fa ina da ƙorafi. Tun da aka fara Koki da Kurmi kawai nake ji, sai ka ce su kaɗai ne cikin gari. Mu Agadasawa fa? Kakanninmu daga Agadas suka zo, can ma suna da bikin Bianu da suke yi a watan Muharram da ganguna gari ya cika. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi da Yarabawa suka zauna tun kafin a san za a yi Sabon Gari, ga Dandalin Turawa da Alfindiki inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, ga Sharifai zuriyar malamin nan Maghili, ga Madabo ta malamai. Garin nan kowa da hanyar da ya biyo ya shigo. In za a yi a ba kowace unguwa lokacinta, in ba haka ba ku kira shi taron mahauta kawai mu san inda muka dosa.

Sadiq: Mamuda ya zo da zafinsa hhhh

Mamuda: Ba zafi ba ne gaskiya ce. Yarana sun girma a Rijiyar Zaki, ran nan na ce da babban mu 'yan Agadasawa ne ya ce min Baba a wace jiha take.

Anti Rabi: Innalillahi hhhh. Nawa ma haka suke wlh, na bi da su ta Ƙofar Na'isa na ce da su wannan ba ita ce ta asali ba an rushe waccan a 2010 da za a faɗaɗa titi aka gina wannan, sai ƙaramar ta ce to Mama da ƙofar gidan waye. Ba su san gari ne gaba ɗaya a cikin katanga ana rufe shi da dare ba, yo ina za su sani tunda ganuwar ma an cinye ta an yi shaguna da gidajen mai.

Ummi: Anti ki kai su Gidan Makama akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari a ajiye su gani da idonsu, da hotunan shigowar Turawa a 1903 lokacin Sarki Alu. Gidan Dan Hausa ma akwai kayan da za su kalla.

Hajiya Uwani: To ni tambayata ina mata a tsarin nan? Duk maganar mahauta da fatake kuke. Mu ma muna da namu, kiɗan ƙwarya, a kifa ƙwarya a cikin ruwa a babban masaki a jera wasu a ƙasa a sa 'yan sanduna, murya ta fito har layi na uku. Amada kenan irin ta su Barmani Choge Allah ya jiƙanta da Uwaliya mai amada ta nan Kano. Ga shantu na 'yan mata, ga gaɗa a dandali da farin wata. Kuma in tarihin gida kuke nema wa ya kai tsohuwa sani? Namiji ya san sunan kakansa namiji shi kenan, mu muka san wace aka auro daga ina, wace ta fita ta koma wane gida, wa ya sha nonon wa. Dandalin da muka yi gaɗa yanzu shaguna ne, kududdufin da ke bayansa an cike an yi gini shi ya sa ruwa kaɗan sai ya shigo mana ɗaki. Ni na ba da tsakar gidana mata su taru a nan, babu namiji ko ɗaya, sai Malam Habu ya kwantar da hankalinsa.

Malam Habu: Hajiya in mata ne zalla a cikin gida ni ba ni da magana. Amma a kula da waya, yanzu ana cikin gida ne sai ka ga matar mutum tana rawa a TikTok.

Hajiya Uwani: Wannan kam gaskiyarka. A bakin ƙofa zan sa kwando kowa ta ajiye wayarta, Ummi kaɗai za ta ɗauki murya ban da hoto.

Bashir: Ku yi haƙuri in kawo abin da ba a so. Tsaro fa? Ni ina cikin 'yan sintirin layinmu na san abin da nake faɗa. An taɓa yin wani taro makamancin wannan a wata unguwa ba zan kira suna ba, lafiya lau aka fara sai wani ya ce a kaɗa taken tauri dan a tuna da, wlh kafin ka ce kwabo yara sun zaro wuƙaƙe wai suna gwada maganinsu, na unguwar gaba suka ji kiɗa suka hauro, aka watse da gudu an sari mutum biyu an ƙwace wayoyi. Kiɗan nan yana tsuma mutane ba wasa ba ne, wanda kakansa ɗan tauri ne ko mafarauci in ya ji jikinsa rawa yake. Ko tashe da muka tashi muna yi da azumi, Nalako sarkin gwagware yana zagayawa yana kama gwagware, ai kun ga 'yan sanda sun sha dakatar da shi saboda 'yan daba. Dan haka in za a yi, ban da kiɗan tauri ban da na farauta, kuma kar a kai dare.

Kawu Bala: Bashir ya yi gaskiya, wannan ba a wasa da shi. Amma abin takaici ne, da 'yan tauri su ne masu tsaron unguwa, da sarkinsu da ladabinsu, ba ƙwacen waya suke ba.

Bashir: Da kenan Kawu. Yanzu ƙwaya ce ke kaɗa su ba ganga ba.

Sadiq: To ni yanzu na rikice, lacca za a yi ko kiɗa?

Ummi: Sadiq ga yadda nake gani, a gyara min in na kauce. Kar a raba su. A shimfiɗa tabarmi, Baban Yaya Ɗanliti ya zauna a tsakiya a kan kujera ba a tsaye a gefe kamar mai jiran a ba shi ba, ya kaɗa take ɗaya ya tsaya, a tambayi jama'a wa ya gane na wane gida ne, in akwai jikan gidan ya tashi, sannan Baba ko wani dattijo ya faɗi waye mai taken, me ya yi, ina gidansa yake a da. In an gama da mahauta a ba Agadasawa, dattijonsu ya yi nasa, haka haka har a zagaye. Unguwar malamai irin Madabo da ba su da kiɗa sai a ba su lokaci su kawo silsilar malamansu, Malam Habu ma zai iya jan wannan ɓangaren. Malamin jami'a in ya zo a ba shi minti 15 a ƙarshe ya ɗora shekaru a kan abin da aka faɗa.

Mamuda: Yauwa yanzu aka zo wajen. Amma rana ɗaya ba za ta ɗauki unguwanni goma ba, a ɗauki uku bana sauran baɗi, kuma a yi ƙuri'a kar a ce Koki ce farko dan Kawu na nan.

Kawu Bala: Ja'iri hhhh. A yi ƙuri'ar.

Malam Habu: In haka ne zan zo, bisa sharaɗi uku. A fara bayan la'asar a tashi kafin kiran magariba, babu liƙi, babu zambo. Wanda zai yi wa dattijon alheri ya sa a ambulan ya miƙa masa da hannu biyu. Ban ce na canza ra'ayina kan kiɗa ba fa, kar gobe a ce Malam Habu ya halatta.

Ɗanliti: Malam maganar zambo ka kwantar da hankalinka Baba ya wuce nan. Amma hana liƙi gaba ɗaya akwai matsala, shi a wajensa in ya kaɗa taken gidanku jikan gida ya tashi bai ba da komai ba kamar an ƙi amsa sallama ne, ba yawan kuɗin ba ne. Ko naira 200 ce a bari mutum ya je ya ajiye a gabansa, ba sai an manna a goshi ana watsawa sama ba.

Malam Habu: A ajiye a faranti a gabansa, na yarda da wannan.

Anti Rabi: Ni kuma ina ƙara cewa a biya shi kuɗin aikinsa daban tun kafin ranar, kamar yadda za a ba malamin jami'a kuɗin mai. Kar a ce ai abin da aka tara a faranti ya ishe shi.

Ɗanliti: Na gode Anti. Sai dai fa ban yi masa maganar ba tukuna kar ku sa rana, mutum ne mai zuciya zai iya cewa a'a, ya daɗe bai taɓa kalangun ba kuma fatar gefe ɗaya ta fashe tsarkiya duk ta bushe, sai an nemo fatar ɗan akuya an jeme an ɗaure, mai yin wannan aikin da muka sani ya koma wajen 'ya'yansa a ƙauye sai na bincika. Kuma shi kaɗai ba zai yi ba dole sai da mai karɓa masa, abokan kiɗansa biyu sun rasu saura ɗaya shi ma ƙafa ta hana shi fita sai dai a ɗauko shi a mota.

Sadiq: Bros kai fa? Ba ka ce kana karɓa masa kana yaro ba

Ɗanliti: Hhhh Sadiq so kake a ƙara hana ni wata matar kenan. Hannun dai bai manta ba, zan gani.

Hajiya Uwani: Ka karɓa masa ɗana, maganar mata kuma ka bar min ita a hannuna, ina da jikoki.

Sadiq: Allahu akbar, taro ya fara albarka tun ba a yi ba

Kawu Bala: Ɗanliti kar ka yi masa maganar kai kaɗai, ba girmansa ba ne a aika masa ɗansa. Ni da Nura da Malam Habu za mu zo har gida mu gaishe shi mu nemi alfarma, ka dai faɗa mana ranar da yake zaune.

Malam Habu: Ni ma Kawu?

Kawu Bala: Har da kai, kai ne ma za ka yi sallama.

Yaya Nura: To alhamdulillah. Abin da na rubuta, wajen Baba ranar Asabar bayan la'asar in Ɗanliti ya tabbatar, daga nan ni da Bashir mu ga mai unguwa shi zai haɗa mu da dagaci sannan takarda zuwa wajen DPO. Gyaran kalangu daga asusu za a cire. Kanofi da tabarmi da janareta Sadiq kai ne, tunda ka rasa DJ ka riƙe sifika. Karo-karo 5,000 kowa, mai hali ya ƙara, akawun ɗin nan dai na bara, a turo rasit nan guruf ba ta bayan fage ba. Mutum 9 ba su cika na bara ba har yau ban kira suna ba tukuna.

Mamuda: Ƙuri'ar unguwannin fa yaushe?

Yaya Nura: Gobe da dare, zan rubuta sunaye a takarda in sa ƙaramar 'yata ta ɗauka in yi bidiyo kowa ya gani.

Bashir: A sa Fagge a ciki dan Allah

Mamuda: Fagge ai wajen ganuwa take malam, ku jira zagaye na biyu

Bashir: To kuɗina ma ya jira zagaye na biyu